Gefen Hagu na Hotonmu

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwata ta tsakar rana, ke da muryarki ta fi saukar ruwan farko daɗi a kunnena,

Ina miki sallama irin ta wanda bai runtsa ba tun jiya. Ki yi haƙuri da rubutun, wallahi ba da gangan layukan suka karkace ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Jiya Yayarki ta shigo shago, ko zama ba ta yi ba, ta ajiye min zobena a kan tebur, naɗe cikin hankici, ta ce in ji ki. Zoben da na saka miki da hannuna! Ina tsakiyar gyaran wayar wani, sai ƙarar faɗuwarta na ji a ƙasa, ban ma san na sake ta ba. Na tambayi Yaya laifina, ta ce ita ma ba ta sani ba, abin da kika faɗa mata kawai shi ne hoto ya gama magana. Hoto! Haba masoyiyata, 'yar takardar da ba ta wuce tafin hannu ba ce za ta raba ni da ke? Yau ni na ga ta kaina.

Kin tuna yammacin da za ki tafi sabon asibitin da aka mayar da ke? Kika biyo ta shago mu yi sallama, jakarki a bakin ƙofa, idonki ya yi ja amma kina ta tsokanata don kada in gane. Na buɗe durowar marigayi Baba ina neman abin da zan ba ki, na ci karo da tsohuwar kyamararsa, mai tofo hoto nan take, da kwalin fim ɗaya da ya rage tun zamanin da shagon nan yake na ɗaukar hoto. Kika karanta kwanan watan da ke jikin kwalin, kika fashe da dariyar nan taki mai sa ni manta sunana, kika ce fim ɗin nan ya tashi aiki tun kina firamare. Na ce mu gwada dai. Muka kira maƙwabcina Tela, ya zo da tef a wuya yana fankama, ya danna mana sau biyu, ɗaya naki ɗaya nawa. Cikin wasa kika ce duk abin da ya fito shi ne rabonmu. Ni kuma, sakarai, na ce na yarda.

Dokar Baba muka bi. Ya sha faɗa min cewa ba a leƙa irin wannan hoto yana fitowa, haske ɓata shi yake yi, kife shi ake yi a ƙirji ya sha ɗumin jiki. Kika tura naki ƙarƙashin mayafi, na zura nawa a aljihun gaba, muka yi alkawarin ba mai dubawa sai mota ta tashi.

Da na dawo daga tasha na zauna a kan bencin shago, na zaro nawa ina murmushi. Wayyo Allah! Ni kaɗai ne a ciki. Ga ni nan na washe baki kamar wanda aka yi wa kyautar gida, farar rigata ta koma kore, bangon shago ya zama shunayya, inda kike tsaye kuwa babu komai sai wani dabbare ruwan ƙasa, kamar an zubar da shayi a wurin. Babu idanun nan, babu wushiryar nan, babu ko gefen mayafi. 'Yan yatsunki uku kawai suka rage a kan kafaɗata. Na juya shi, na girgiza shi, na kai shi bakin ƙofa, na goge da riga, ina! Da Mama ta gani sai ta ja da baya tana a'uzubillahi, ta ce in ɓoye shi kada wani ya gani. Na kira ki ban san sau nawa ba, ba ki ɗauka ba, na ce sabon aiki ne ya sha miki kai. Abin da nake rarrashin kaina da shi shi ne, ai naki ya yi kyau, ai a naki muna tare.

Ashe ba haka ba ne! Jiya kafin Yaya ta fita ta nuna min naki a wayarta. Ke kaɗai, kyakkyawa kamar kullum, ko da yake fim ya mayar da ke kalar lemo, ni kuma an shafe ni fes, ko kunnena bai tsira ba. Ke nan haka kika buɗe shi a cikin mota, ke kaɗai tsakanin baƙi, gari yana nisa a bayanki? Ke da tun kafin tafiyar nan kike cewa tsoronki ɗaya kada nisa ya goge ki daga zuciyata? Wa ya share miki hawaye a ranar? Me ya sa ba ki ɗauki wayata kin zage ni ba, ko na ji muryarki?

To ki saurara, zinariyata, ki ji abin da ya faru bayan fitar Yaya. Haushi ya ɗebe ni, na ɗauko kyamarar nan na ce yau sai ta faɗa min gaskiya. Na leƙa wurin Tela na ɗauke shi hoto kusa da kekensa na ɗinki. Keke ya fito raɗau har da zare, Tela ya ɓace! Ya riƙe hoton yana salati, yana shafa cikinsa, yana cewa shi dai yana nan da ransa, kuma da safe ya karya. Na ruga gida na ɗauki Mama zaune da kyanwarta a gefe. Mama ta fito, kyanwa ko gashi babu, ga ta kuma a gabanmu tana lasar ƙafa. Na jera hotunan a kan tebur, nawa da na Tela da na Mama, na zuba musu ido. Sai na ji kamar an watsa min ruwan sanyi. Duk a gefe ɗaya ne! Duk abin da ya tsaya a hagun hoton, mutum ne ko dabba, shi ke tafiya. Maganin da ke cikin takardar ne ya bushe ta wannan gefen saboda tsufa, ba ya iya malalawa ya kai can.

Na ce to, me ya sa ke kika ɓace a nawa, ni na ɓace a naki? Tela ne ya tuna min, Allah ya yi masa albarka. Bayan ya danna na farko, ba ke kika ce hasken ƙofa yana kashe miki ido ba, kika ja hannuna muka sauya wuri? Shi ke nan fa! A na farko ke ce a hagu, a na biyu ni ne. Sannan muka ɗauka a kife ba mu duba ba, kowa ya tafi da wanda yake shi kaɗai a ciki. Wannan ce ƙaddarar da kika karanta, wannan ce ta sa kika cire zobena. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, don haka duka biyun na yi, Tela yana min fifita da kwali.

Ya sanyin idona, ki dubi girman Allah ki dube ni. In kina da wani dalili ban da wannan, ki faɗa min, zan saurara ko da zai kashe ni. Amma in hoton ne kawai, wallahi ban yarda fim ɗin da ya kasa riƙe kyanwar Mama ya yanke mana hukunci ba. Ga zobenki nan cikin ambulan, ga hotona na haɗa miki, da koriyar rigar da komai. Ki duba kafaɗata da kyau, yatsunki suna nan, ko busasshen magani bai iya ɓamɓare su ba. Ki riƙe shi, ki aiko min da naki, kowa ya samu wanda ya kamata tun farko ya ɗauka.

Saura fim ɗaya tak a cikin kyamara. Tela ya roƙa in sake ɗaukarsa don ya tabbatar yana duniya, na hana. Na mayar da ita durowar Baba na kulle. Naki ne, yana jiran ranar da za ki zo hutu. Ranar ba mai tsayawa a hagu. Za mu matsu a gefen dama mu biyu, ko da zan taka miki ƙafa.

Naki, yau da gobe, har ranar da numfashina zai tashi aiki,
Mai gyaran wayarki.