Ƙwayoyin da ka bar wa Inna

Baban Hadiza,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, amma takaba ta zaunar da ni a ɗaki, kuma maganar ta fi ƙarfin cikina.

An girbe geron gonarka ta Gagarawa, ya yi kyau. Abokanka dillalan shanu sun zo gaisuwa daga Maigatari, suna ta yabon yadda kake yini a tsaye a kara kamar saurayi. Ni kuwa na san abin da ke tsayar da kai.

Likitan asibiti a Gumel ya rubuta maka maganin ciwon gwiwa na ɗan lokaci. Gwiwar kaɗai ka nuna masa, hawan jinin ka ɓoye, wai namiji ba ya jera ciwo a gaban mutane. Da ka ji daɗinsa sai ka ajiye kwalin, duk ranar kasuwa ka miƙa a kemis a ba ka irinsa. Ranar da ka faɗi wajen alwala, bakinka ya karkace, muka kai ka asibiti, likitan ya ga kwalin a hannuna. Ya ce maganin yana ƙara hawan jini, yana iya jawo bugun zuciya da shanyewar jiki, musamman idan an daɗe ana sha.

Ina jin haushinka, Baban Hadiza. Ban taɓa faɗa maka haka kana raye ba. Gwiwa ce za ta kashe ka da ka yi sallah a zaune?

Ga abin da ya fi damuna. Ashe zuwanka na ƙarshe garin Ɗanzomo ka kai wa Inna, mahaifiyarka, irin ƙwayoyin nan saboda ciwon bayanta. Tana sha kullum, ita ma da hawan jininta. Na aiki ƙaninka ya karɓo, ta ƙulle su a gefen zane ta ce kyautar ɗanta ce ta ƙarshe, ba mai raba ta da ita. Jiya aka ce mini ƙafafunta sun kumbura.

Ni suruka ce, ban taɓa ɗaga ido na kalle ta ba, kuma yanzu ko ƙofar gida ba na fita. Wa zai karɓe su? Maganarka kaɗai take ji, kai kuma ka yi shiru.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa kada ta biyo ka ta wannan hanyar.

Matarka,
Maman Hadiza