Aibin Motar Mahbub

Gwarzo, ranar Talata

Zuwa ga Baffana Malam Ya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar, yaya kuma kunnen? Na san waya ba ta yi maka yanzu, shi ya sa na ba direban Kabo wannan takarda.

Baffa, maganar motar marigayi mijina Mahbub ce. Alƙali ya ce a sayar a ba yara gadonsu, danginsa kuma suka bar abin a hannuna. Na san ido suka zuba su ga inda zan yi tuntuɓe. Tun da mai ya yi tsada ba wanda ya taɓa ta, tana nan gindin darbejiya, har kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinta. Dillalan tasha sun yi mini tayin wulaƙanci, sai na ɗauki hotunanta na sa a shafin saye da sayarwa na intanet.

Mutum biyu suka nuna da gaske suke. Na farko wani Zailani ne mai sayar da taki, ɗan Garo, can wajenku. Ban taɓa ganin mai kushe irinsa ba. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashinta, ya fito yana tsaki. Wai taya ta suɗe, giya tana kuka, fenti ya koɗe. Motar da Mahbub yake wankewa da hannunsa duk Juma'a! Da ya taya na ce albarka, na shige ɗaki na sha kukana.

Na biyun wani Alhaji Ja'afar ne, ya kira ni daga Abuja. Da ya ji motar marayu ce ya yi ta'aziyya, ya yi wa marigayi addu'a har sai da na yi hawaye. Yadda na sa kuɗin haka ya amsa, ya ce ma zai yi wa yara ƙari. Me ka gani?

A gaida Inna. Ka huta lafiya.

'Yarka, Naja'atu

Kabo, ranar Laraba

Zuwa ga 'yata Naja'atu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso, muna lafiya, ƙafa da sauƙi. Allah ya jiƙan Mahbub, ya raya abin da ya bari.

Na karanta bayaninki da kyau. Zailani na san shi, ko goro zai saya sai ya ɓata wa mai goro rai. Ki rabu da shi. Shi kuwa wannan Alhaji, a wannan marra da kowa yake ta kansa, a samu mai tausayin marayu ai abin godiya ne. Ina ganin Allah ne ya kawo miki shi.

Sharaɗi ɗaya na kafa miki. Kafin ki sallama, ki faɗa masa duk wani aibi da motar take da shi, babba da ƙarami. Shari'a ba ta yarda a ɓoye wa mai saye aibi ba, kuma ba na son haram ta shiga cikin marayu. Kada ki rage komai.

Innarki tana gaishe ki da yara. Wassalam.

Baffanki, Ya'u

Gwarzo, ranar Alhamis

Baffa,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan an tashi lafiya.

Na bi umarninka, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Na kira Alhaji na fara jero masa. Na ce lagireto yana zafi a doguwar tafiya, ya ce ba komai. Na ce giya tana kuka, ya ce ba komai. Sai na zo kan babban. Ka tuna lokacin da ake yawan satar motoci, Mahbub ya sa bakanike ya ɓoye wani maɓalli a ƙarƙashin kujerar direba? In ba a danna shi ba motar za ta tashi lafiya, amma tana yin 'yar tafiya mai zai yanke ta mutu. Ina cikin yi masa bayanin inda yake ya katse ni, ya ce, "Hajiya, ba komai, Allah ya sa albarka."

Baffa, ko tukunyar ƙasa mace za ta saya sai ta ƙwanƙwasa ta ji. Wannan mutum bai tambayi shekarun motar ba, bai ce a kunna injin ya ji ta waya ba. Tambayoyinsa daban ne: a ina take kwana, takardunta sun cika, akwai namiji a gidan? Ya ce ba zai samu zuwa ba, zai turo yaransa gobe Juma'a da yamma, kuɗi kuma zan ga alat a wayata. Na ce to zan kira shaidu. Ya yi dariya ya ce tsakanin Musulmi da Musulmi ai amana ta isa. Na ce a bari sai Litinin da banki yake buɗe, ya ce akwai mota a Kaduna da zai saya in na yi jinkiri.

Zailani kuwa ya sake dawowa. Shi ma na faɗa masa maɓallin. Ya durƙusa ya laluba sai da ya gano shi, ya danna, ya sake dannawa, ya ce wayar maɓallin ma ta banza ce aka sa. Haushinsa nake ji, amma wallahi shi ne yake kallon motar nan. Alhaji ban san abin da yake kallo ba. Tsoro nake ji, Baffa.

'Yarka, Naja'atu

Kabo, ranar Juma'a da safe

Naja'atu,

Bayan sallama da gaisuwa. Ban ji daɗin takardarki ba. Manyan mutane ba su da lokacin ja-in-ja a kan lagireto. Bawan Allah ya yi miki alheri, kina saka masa da mummunan zato. In ya tafi Kaduna kika koma wa tayin Zailani, me za ki ce wa dangin mijinki? Shaidu dai ki kira, wannan daidai ne. Sauran ki sassauta.

Wassalam.

Baffanki

Gwarzo, ranar Asabar

Baffana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, a gaida Inna, kuma a karanta mata wannan da ƙarfi.

Jiya kafin la'asar samari biyu suka zo, fes da su, sai ƙamshin turare. Na riga na zaunar da mai unguwarmu Malam Jibirin da wani maƙwabci a zaure. Ana gama gaisawa wayata ta yi ƙara, ga alat, kuɗi cif har da ƙarin marayu. Malam Jibirin ya fara alhamdulillahi. Ni kuwa na ƙyale saƙon, na shiga asusuna ta manhajar banki na duba da idona. Wayam. Abin da na bari tun farko shi na tarar.

Na faɗa musu. Suka ce matsalar sabis ce, zai shigo. Alhaji ya kira, muryar nan mai addu'a ta koma faɗa, wai ina wulaƙanta shi bayan ya biya. Na ce motar tana nan, ranar da kuɗi ya zauna a asusu a zo a ɗauka.

Sai ɗayan ya ce to a ba shi makulli ya ji ƙarar injin kawai. Malam Jibirin ya ce ai wannan ba laifi. Kafin in miƙa na tambaye su, "Alhaji ya yi muku bayanin yadda ake tuƙa ta?"

"Duk ya faɗa mana, Hajiya."

Na miƙa. Takardu dai suna ƙuguna, na ɗaure da zani.

Baffa, injin na tashi ɗayan ya faɗa ciki, suka fizge ta suka bar mu da ƙura. Malam Jibirin ya miƙe yana salati, hularsa a ƙasa. Ni kuwa na ce masa ya sa takalminsa mu bi su a hankali. Daidai ƙofar masallacin unguwa ta mutu musu murus, jama'a na fitowa daga la'asar. Muka iso suna ta murɗa makulli, wasu bayin Allah har sun fara tura musu. Malam Jibirin ya ɗaga murya ya ce ɓarayi ne. Ɗaya ya tsallake kwata ya bar takalmi, ɗayan 'yan sintiri suka riƙe shi suka miƙa wa 'yan sanda. Wayar Alhaji tun jiya a kashe take.

Na shiga da kaina, na sa hannu ƙarƙashin kujera na danna, na tuƙo ta gida mutane suna kallo. Wan Mahbub yana cikinsu. Yau da safe ya turo matarsa da ƙwaryar fura.

Zailani ya ji labari ya zo. Ya ce yanzu ma an ƙara lalata mata giya. Muka yi ta ja har azahar, ya hau, na sauko, na sallama a gaban shaidu. Sai Litinin za mu je banki tare, ya ce shi ma ba ya yarda da alat. Baffa, daɗi nake ji har ba na iya zama. Kai ka ce in faɗi aibi, aibin kuwa ya tsare wa marayu haƙƙinsu.

'Yarka, Naja'atu

Kabo, ranar Alhamis

'Yata Naja'atu,

Wa alaikumus salam. Na karanta wa Innarki, ta sa na maimaita wajen masallacin. Idonki ya fi nawa, Allah ya yi miki albarka.

Jiya Zailani ya tsaya da motar a majalisarmu, ya ce bai taɓa sayen ruɓaɓɓiyar mota irinta ba. Na ce to ya sayar mini. Ya ce ko da wasa kada in sake faɗa.

Ki shafa mini kan yara. Wassalam.

Baffanki, Ya'u