Wa Zai Kira Mai Galma?

Daga Maharazu a Illela, zuwa ga kakansa Malam Attahiru a Kalmalo.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tsoho mai ran ƙarfe. Ka gaida mini matata Rabi'a, ka ce mata har yanzu ina jiran ranar da za ta gaji da kai. Bayan haka, Kaka, wasa ya tsaya nan.

Ran kasuwa mun yi wasan Mai Galma, yadda aka saba bayan girbi. Ni ne Mai Galma. Na yi noma, na yi noma, na cika rumbu, na faɗi matacce. Abokan wasana Abu da Mukhtari suka naɗe ni cikin tabarma, suka hau faɗa kan galmar, suka bar ni cikin rana. Mutane suka yi dariya har da riƙe ciki. Begilar sojoji ta busa, kowa ya watse, na warware kaina na tashi.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Akawu Tomas, Kiristan nan mutumin Lakwaja da Bature ya aje bakin iyaka shina rubuta kayan fataken Ƙonni. Shi ne wanda na taɓa sa wa ƙadangare cikin hula. Ya kira ni rumfarsa, na ce yau kashina ya bushe. Sai ya ce, "Maharazu, an naɗe shi. Daga nan sai mi?" Na ce, "Daga nan sai tuwo, Akawu." Ko murmushi.

Ya ce a makarantar mishan malaminsu ya karanta musu tsofaffin wasannin Turawa, na sarakuna da mayaƙa, kowa ya yi ta fama, ƙarshe a kwashe gawa. Malamin ya ce musu su dube su kamar madubi, wai haka ran mutum yake in ya fid da tsammanin tashin matattu, wahala ce sai rami. Kirista kuwa ya kalla ya ji tausayi, ya gode, don shi an yi masa alkawarin tashi.

"Haka nake ɗaukar su da," in ji shi. "Amma zazzaɓi ya kashe mini ɗiya a Lakwaja, aka rufe ta ba na nan. Tun ran nan ina buɗe littafin addinina, ba na jin komi. Yau na ga wasanku. Kun fi malamina gaskiya. A naɗe ka, a yi faɗa kan galma, a watse."

Sannan ya tuɓe takalmansa na fata ya ba ni. Kuma ya tambaye ni ta wane gefe tafkin Kalmalo ya fi zurfi.

Kaka, ni ban iya komi ba sai ba mutane dariya. In mutumin nan ya faɗa ruwa, wasana ne ya tura shi. Na kasa zuwa da kaina, don ina tsoron ɗauke ido daga ƙofarsa. Idi mai kifi, da ya kawo maka takardar nan, zai jira amsarka. Mi zan yi?

Allah ya bar mana kai. Wassalam.

*

Daga Attahiru zuwa ga Maharazu.

Aminci ya tabbata gare ka, ɗan nema. Rabi'a ta ce ba ta auren gawa.

Na sa Lawwali da sauran masunta su tsare bakin tafki. Da ƙafata na da lafiya da na zo na ja kunnenka.

Ku yaran yanzu kun yanke wa wasan wutsiya. Na yi Mai Galma tun ubanka bai san hagu da dama ba. A zamaninmu ba a watsewa a kan faɗan galma. Shiru ake yi, gawa na kwance, har sai baƙon da ke cikin taro ya fito ya kira mai wasan da sunansa na yanka. Sannan ya tashi, a yi guɗa. Ba ɗan gari ke kira ba, sai baƙo. Tun da Nasara suka zo da begilarsu suka hana taro bayan ta busa, aka riƙa gudu kafin a kai nan, har kuka tashi ba ku san akwai shi ba.

Ban san littafin akawun ba, addininsa daban nawa daban. Amma a nan malaminsa bai yi ƙarya ba. Mu ma a wurinmu yanke ƙauna daga rahamar Allah halaka ne. Kada ka yi masa wa'azi, ba ka iya ba, kuma mai zafin rashi ba ya jin magana. Rabin wasa ya gani. Ka nuna masa sauran, kuma shi ne baƙonku.

Sai dai ka sani, in ka kwanta ba ka tashi sai an kira ka, ko da sojoji sun zo. Tsofaffi na cewa wanda ya san ka'idar ya tashi ba kira, ba ya ganin damina. Ni ban ce haka ne ba. Ban dai taɓa gwadawa ba.

Allah ya tsare. Wassalam.

*

Daga Maharazu zuwa ga kakansa.

Gaisuwa da girmamawa. Kaka, Allah ya isa tsakanina da layinka na ƙarshe, ya hana ni cin abinci.

Lawwali ya faɗa maka ya tare akawu a hanyar tafki ya juyo da shi, ƙafa ba takalmi. Ran nan na same shi na ce wasan da saura, kuma ba ya ƙarewa sai da shi. Ya ce, "Ka bar ni, yaro. Ba ni zuwa." Na ce to, ni dai zan kwanta, in ba ka kira ni ba a nan za a same ni.

Jiya kasuwa ta ci. Aka naɗe ni. Ban taɓa sanin tabarma na da duhu haka ba, don da can dariya nake yi a ciki. Faɗan galma ya ƙare, aka yi tsit. Zufa na shiga mini ido, tururuwa na bin wuyana. Na tuna wata rana haka za a naɗe ni da gaske, kuma su Abu za su koma gida su ci tuwo. Wallahi abin da akawu ya gani, ni ma na gan shi a ciki.

Begila ta busa. Na ji ƙafafu na gudu. Mukhtari ya durƙusa ya ce, "Tashi, mahaukaci, ga sojoji!" Na ce kai ba baƙo ba ne. Bulalar wani soja ta sauka a kan tabarmar, ta sake sauka. Na ciji leɓe ina karanta duk abin da na tuna na allo.

Sai na ji wata murya ta daka wa sojan tsawa da Turanci. Na yi ta jiran kira, har na ce mai muryar ya tafi. Sannan, can kusa da kunnena, muryar ta ce:

"Maharazu. Tashi."

Na tashi. Matan da suka laɓe bayan rumfuna suka rangaɗa guɗa. Akawu kuwa, don shi ne ya kira ni, ya zauna cikin ƙasa, ya riƙe hannuna gam, yana kuka yana kiran wani suna, ina jin na ɗiyarsa ne. Daga nan ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, har yanzu bai fito ba. Ban sani ba ko gyara na yi ko ɓarna. Kada Lawwali ya bar bakin ruwa tukuna.

Wassalam.

*

Kaka, gaisuwa.

Ka ce wa Lawwali ya koma kamun kifinsa. Da hantsi akawu ya buɗe ƙofa, ya aiko a ce in mayar masa da takalmansa, wai fatake na jira kuma ƙasa da zafi. Sun yi mini daidai kamar don ni aka ɗinka, amma da gudu na kai.

Ka gaida matata. Ka ce mata gawar ta tashi.

Jikanka, Maharazu.