Mu da Rana Muka Zo

Laraba, bayan isha'i

Har yanzu raina a ɓace yake. Tun la'asar na kai Baba asibitin kuɗin nan na Makera, saboda gyambon ƙafarsa. Muka yanki kati, muka zauna a benci. Likita bai shigo ba sai bayan magariba, ko haƙuri bai ba mu ba.

Da na je biya, yarinyar da ke karɓar kuɗi ta ce kuɗin ganin likita ya ninka, wai lokacin aiki ya wuce.

"Anti, farashin dare ne yanzu, haka dokarmu take."

Na ce, "Ƙanwata, mu da rana muka zo. Likitanku ne ya zo da dare, shi za ki caza."

Baba yana ta jan mayafina, wai in biya a zauna lafiya. Wallahi ban biya ba. Kuɗin rana na ajiye mata, na kama hannunsa muka fito.

Jibi za mu koma wankin ƙafar, Allah dai ya sa kar su huce a kansa. Amma likitan ya kuskura ya sake makara, ni ma sai ya biya ni kuɗin zaman benci.