Maganin Shanu a Cikin Jandarma

Litinin, 2 ga Oktoba, 2023
Sauro ya yi yawa a daminar bana, kuma na karanta cewa shi ke sa wa kare tsutsa a zuciya. Jandarma, karen da ya yi shekara shida yana gadin gidana, a waje yake kwana. Maƙwabcina Yuguda, dillalin shanu a kasuwar Etoudi, ya kawo mini kwalbar maganin tsutsar shanu, wai zuwa wurin likita ɓata lokaci ne. "Baba Mahmudu, ɗigo kawai. Kare ba bijimi ba ne." Ɗigo ba ma'auni ba ne. Na bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, gobe kuma zan maimaita domin tabbaci.

Laraba, 4 ga Oktoba
Jandarma yana tangaɗi, yawu na zuba. Bai gane muryata ba.

Alhamis, 5 ga Oktoba
Ya mutu da hantsi. Ni kaɗai na haƙa ramin. Babu mai taɓa kare a layinmu. Yuguda ya leƙo, wai "sannu, Baba". Zai sani.

Lahadi, 8 ga Oktoba
Na kammala wasiƙar ƙarar Yuguda zuwa mairie, ofishin magajin gari: shafi uku, da Faransancin wanda ya yi shekara talatin a gidan waya. Ragunan da yake turkewa a lungu ba tare da izini ba, kashinsu da ke toshe kwata, har ranakun duk na jera. Idan jami'ai suka zo, garken zai tashi. Matata Hadija ta ce, "Malam, da ragunan nan yake ciyar da mutum tara." Na ce mata ni ma Jandarma ɗaya gare ni.

Talata, 10 ga Oktoba
Na kai kwalbar wurin likitar dabbobi a unguwar Nkomkana domin ta ba ni shaida a rubuce. Ta tambayi adadin da na ba shi. Na faɗa mata dalla-dalla, har da alfahari. Ta cire tabarau. Ta ce wannan ma'aunin maraƙi ne, kuma ba a fara irin maganin sai an gwada jinin kare. "Papa, ko ɗigon ban yarda da shi ba. Amma sau biyu?"
Yarinya ce. Ba komai ta sani ba.

Juma'a, 13 ga Oktoba
Na dawo daga masallaci na tarar da Yuguda durƙushe yana ɗaura wa ƙofata sabuwar sakata, wai gida babu mai gadi yanzu. A karkace ya ɗaura ta. Dole na riƙe masa ƙusoshin.
Ban kai wasiƙar ba, domin hadari ya haɗu. Hadija ta ce ita ba ta ga ko gajimare ɗaya ba.