Rasuwar Inna Mai Alli

Cikin alhini, irin wanda har yanzu bai gama isowa zukatanmu ba, Ƙungiyar Masu Murmurewa Daga Shan Ƙwaya ta samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Babbar Jami'ar Jinya mai ritaya, Hajiyar da kowa ya fi sani da Inna Mai Alli, wadda Allah Ya karɓi ranta da safiyar Litinin bayan gajeriyar jinya.

Shekara goma sha ɗaya marigayiya ta yi tana hawa benen ofishinmu da ciwon gwiwa, ta tsaya gaban allo tana zana mana ƙwaƙwalwa, zanen da ya fi kama da kabewa, sai dai ba mai bakin gaya mata. A nan ta koya mana cewa akwai sinadarin dofamin mai kai saƙon jin daɗi, da wasu ƙananan ƙofofi masu karɓarsa. Idan ƙwaya ta yi ta kwararo shi kullum, sai ƙwaƙwalwa ta rufe wasu ƙofofin, sauran su dakushe kamar kunnen mai injin niƙa. Shi ya sa ƙwaya biyu ke komawa goma, shi ya sa kuma wanda ya daina yakan yi watanni abinci salam a bakinsa, dariyar 'yarsa ba ta motsa shi. Takan ce wannan rauni ne, yana warkewa a hankali in an ƙyale shi.

Wajibi ne mu gaya wa iyalanta masu girma gaskiya: da yawa cikinmu mun tsaya wurin jana'iza ido a bushe, har da mai wannan sa hannu, wanda watansa bakwai da dainawa. Kada a ɗauke shi rashin kara. Muna sonta, abin da ake jin rashi da shi ne bai dawo mana ba.

Muna roƙon Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta, Ya bai wa maigidanta Alhaji, 'ya'yanta uku da jikokinta haƙurin jure wannan babban rashi.

Ga ɗan'uwanmu Tela, wanda ya ɗauki makara tare da mu kuma tun ranar wayarsa take a kashe: don Allah, kada ka sha don ka samu ka yi mata kuka. Mu ma ba mu yi ba tukuna.

Sa hannu:
Dogo Mai Walda
Kakakin Ƙungiya