A Wanke Sunan Baba Lasisi

Zuwa ga Shugaban Asibitin da na fara aiki, Sabon Gari, Kano.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka, tare da fatan alheri.

Ranka ya daɗe, katinku mai ruwan zinariya ya iso. Kun ce za ku sa sunana a sabon ɗakin gwajin jini, saboda binciken da nake yi kan yadda garkuwar jiki ke kokawa da ƙwayar cutar ƙanjamau. Na gode. Sai dai wasiƙu biyu na aiko muku a asirce kan Baba Lasisi, ba amsa. Shi ya sa wannan karon na biyo ta jarida.

Na ɗaya. A shekarun da kuɗin fetur ya yi ambaliya na zo muku daga jami'a, da digirina sabo fil. Baba Lasisi ne mai kula da ɗakin gwaji, Bayerabe haifaffen Fagge, ba shi da takarda sai ta firamare. Shi ya koya mini neman jijiya a hannun jariri. Ya kuma ce mini, "Yarinya, da fensir ake rubuta suna a kwalbar jini, ba da tawada ba." Na ɗauka maganar tsohon yayi ce. An kawo mana firiza daga Turai, ni kuma ina da alƙalami mai tsada.

Na biyu. Muna tara jinin yara masu ƙyanda don bincike. Wata rana wuta ta ɗauke rabin yini. Jinin bai lalace ba, amma danshin firiza ya jiƙa takardun jikin kwalabe, tawadata ta narke. Babu wanda ya ƙara sanin jinin wane ne a ciki. Aikin shekara guda ya bi ruwa. Da babban likita ya shigo, sai ya dubi Baba, bai dube ni ba, don a zamanin nan mai digiri ba ya kuskure. Baba ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, saboda sunana na cikin waɗanda za a tura karatu waje. Aka kore shi da takarda mai cewa ya yi sakaci. Babu asibitin da ya sake ɗaukarsa. Ya ƙarasa ƙuruciyarsa yana awon yadi a rumfar ɗan'uwansa a Kantin Kwari. Ni kuwa na hau jirgi.

Na uku. Bara na same shi a Rijiyar Lemo, na faɗa masa gaskiya. Ya yi dariya ya ce, "Dakta, ai tun ranar na san aikinki ne. Sha ruwa mana." Abu ɗaya ya roƙa: jikokinsa sun taso suna jin an kori kakansu don ya ɓata jinin yara, ba ya son a kai shi kushewa da wannan magana. Na je ofishinku, aka ce mini ba a taɓa fayil ɗin da aka rufe.

Don haka ina roƙo. Ku cire waccan takarda daga fayil ɗinsa, ku sa wannan wasiƙa a gurbinta. Ku rubuta masa takardar wanke suna da hatiminku, a karanta masa a gaban jikokinsa, don idonsa ya yi rauni. Ɗakin kuwa, ku ba shi sunan wanda ya cancanta, ban da ni.

Baba yana kwance tun azumi. Na daɗe ina jinkiri. Kada ku yi koyi da ni.

Allah Ya taya ka riƙo, Ya sa ka gama lafiya, Ya yafe mana.

Wassalam.

Dakta Rakiya